Shekarar da Na Kira Sunan Isiyaku

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ara mini kwanakin da zan faɗi wannan da bakina. Ni ban yi boko ba, ina faɗa ne ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana. Ku 'ya'yan Isiyaku, da ku 'ya'yan Binta can Abakpa Nike, na san kun tsinci guntu-guntun labarin shekarar da Isiyaku ya kwanta. Wani ya ce muku Kaka ta zubar da kunya a Borokiri, unguwarmu a nan Fatakwal, wani ya ce ta ɗaga murya a gaban Baffa Sule. To ku zauna ku ji daga wadda ta yi.

Sai kun fara sanin abin da ba ku taso kun gani ba, ku da kuka buɗe ido a Kudu kuna jin uwa tana ƙwala wa ɗanta kira daga wannan layi zuwa wancan. A ƙauyenmu, can bayan Rano, mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ba ta yaba shi, in ya faɗi ya fasa goshi sai ta kau da kai wata ta ɗauka. Ba ƙiyayya ba ce. Kunya ce, kuma da ita ake gane 'yar gidan mutunci. Ana yaye Isiyaku uwar mijina ta ɗauke shi, ita yake kira Inna, ni kuwa Yaya yake ce mini har yau. Da muka taho Kudu da marigayi ubansa can muka bar shi, sai da ya yi gemu ya biyo mu neman abin yi. A gidan hayarmu kowa Maman Binta yake kirana, alhali Binta ta biyu ce. In ina son ganinsa sai in ce a gaya wa yaron nan ya zo. Haka muka zauna, ɗakina da nasa bango ɗaya, har ya yi aure, har ya tara iyali, sunansa bai taɓa bi ta kan harshena ba.

Dako yake yi a Kasuwar Oil Mill, yana sauke albasa daga manyan motocin da ke zuwa daga Arewa. Mai kayan kuwa Alhaji Sule ne, wan ubansa, wanda kuke kira Baffa. Tun da uban su Isiyaku ya rasu shi ne babba a kanmu, abin da ya faɗa shi ke nan. Ni ko ido ba na haɗawa da shi, in ya shigo sai in durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe shi in koma. A daminar shekarar, irin ruwan nan na Fatakwal da ba ya sanin safe ba ya sanin yamma, katakon da suke takawa su sauko daga mota ya yi santsi. Isiyaku ya zame da buhu a ka, ya faɗi ta baya. Aka yi masa aiki a ƙashin baya a babban asibiti. Ƙafafu suna motsi, mun gode Allah, amma tsakiyar jikinsa ta zama kamar buhun da aka zazzage. In an zaunar da shi sai ya lanƙwashe ya tafi gefe, sai an tare. Mutumin da ke ɗaga buhu shi kaɗai, ga shi ba ya iya riƙe kansa a bakin gado.

Aka dawo da shi gida, 'yan dubiya suka yi ta zuwa, 'yan dako abokan aikinsa da mutanen masallaci. Kowa ya shigo magana ɗaya ce: sannu, kwanta, kada ka motsa, jiki sai da hutu. Matarsa Hadiza, yarinya mai tausayi, ta kewaye shi da matashin kai ta ko'ina, in ya miƙa hannu zai ɗauki abu ta riga shi. Ni ina waje gaban tandar masata, ina jin komai, ba na shiga.

Asibiti sun ce a riƙa kai shi wurin masu gashin ƙashi, inda ake koya wa jiki motsi bayan ciwo. Wadda aka haɗa mu da ita Sista Rifkatu ce, 'yar kudancin Kaduna, Kirista, Hausa a bakinta kamar a Fagge aka haife ta. Ina raka su, amma a kan bencin waje nake zama. Rannan ta fito, ta tsaya a kaina da hannu a ƙugu.

“Mama, ke kika haife shi?”

Na ce, “Haka ake faɗa.”

“To me ya sa kullum kina waje kamar mai gadin takalma?”

Ta zauna kusa da ni, ta kira Hadiza, ta yi mana bayani a hankali. Ta ce akwai naman ciki da na baya da na kwiɓi da Allah ya ɗaura wa mutum kamar ɗamara, su ke riƙe ƙashin baya. Kwanciya ta sa nasa sun yi barci. Ba ƙarfin ɗaga buhu ake nema yanzu ba, juriya ake nema, naman ya riƙe ya daɗe bai saki ba. Ta ce tana sa shi ya kwanta rigingine, ya tanƙwara gwiwa, ya ja cibiya ciki, ya ɗaga kwankwaso ya tsaya a haka, ita tana kiran abin gada. In tana kansa tana cewa ka wuce na jiya, saura kaɗan, riƙe, sai ya riƙe. Amma duk zuwan da za mu yi sai ta tarar ya koma inda yake. Ta dubi Hadiza.

“A gida me kike ce masa?”

Hadiza ta sunkuyar da kai. “In na ga ya fara gumi sai in ce ya isa haka, ya yi ƙoƙari.”

“Ko ya yi daidai ko bai yi ba?”

“Sista, mara lafiya ne fa.”

“Jiki ba ya ganin kansa,” in ji Sista. “Yana kwance bai san kwankwasonsa ya sauka ba sai an gaya masa. In aka gaya masa ƙarya, ƙaryar jikin zai koya. Kuma naman nan ba zai jira mu har abada ba, in ya daɗe a kwance tashinsa zai yi wuya.” Sai ta juyo gare ni. “Mama, na lura da wani abu. In kika yi tari a nan waje, a ciki sai ya miƙe bayansa. Ke yake saurare. Ki shiga ki yi masa magana.”

Na ce, “A wurinmu ba a yi.”

Ta ce, “Na sani, ni ma a cikinku na girma. Amma ni rabin awa nake da shi. Sauran ranar taku ce.”

Ana cikin haka Baffa Sule ya zo da tasa shawarar, shawararsa kuwa hukunci ce. Ya zauna a tabarma a ƙofar ɗaki, ni ina bayan labule. Ya ce ya gaji da ganin ana wahalar da yaro da motse-motsen banza. Motar albasa tana komawa Arewa ba kaya, bayan Babbar Salla za a shimfiɗa katifa a bayanta a kai shi gida, ya kwanta cikin danginsa, in da rabo ya tashi. Ba mugunta yake nufi ba, ku riƙe wannan. Ɗan ƙaninsa ne, kuma a bakin aikinsa ya faɗi, abin yana cinsa. Amma ni na san abin da kwanciya a gida take nufi. Ina yarinya akwai wani maƙwabcinmu da ya faɗo daga bishiyar ɗorawa, aka kwantar da shi a zaure ana yi masa sannu, muka yi ta wuce shi har aka yi mini aure, yana nan inda aka ajiye shi. A ƙauyenmu babu Sista Rifkatu. In Isiyaku ya hau motar nan a kwance, a kwance zai ƙare. Na san haka kamar yadda na san sunana, amma bakina bai buɗe ba, don mace ba ta mayar wa wan mijinta magana.

Daga ranar hankalina ya ƙi kwanciya. In na zuba ƙullu a tanda sai na ji ƙauri kafin in tuna ban juya ba. Duk ƙarar babbar mota da ta wuce ta kan titi sai gabana ya faɗi. Ina alwala ina tunanin bencin asibiti da zauren maƙwabcin nan. Ina jin su ta bango da hantsi, shi yana nishi, Hadiza tana cewa sannu Baban Sadiya, ya isa haka, sai in ji katifa ta karɓe shi tun kafin a je ko'ina. Sai in ce a raina, ke, tashi ki shiga. Sai in tuna fuskar uwata, in tuna yadda ake nuna macen da ta riƙe ɗan farinta a gaban mutane, har 'ya'yanta mata su rasa manema. Ƙafata ta kai bakin ƙofarsu ta dawo ba sau ɗaya ba.

Wata safiya ruwa ya ɗauke, masu sayen masa suka watse, na ji ya fara gadar nan tasa. Na wanke hannu, na ɗaga labule, na tsaya. Yana kwance, kwankwaso a sama, jijiyar wuyansa ta fito. Na tattaro duk taushin da ke cikin muryata, wanda bai taɓa ji ba, na ce:

“Isiyaku. Riƙe, ɗana. Kana ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka.”

Sai ya faɗo tim. Ya dube ni, ni ma na dube shi, karon farko ido cikin ido tun yana jariri. Sannan ya juya fuska ga bango.

Daga ranar ya daina. Gada ya daina, abinci sai an matsa. Ya aika aka kira Baffa Sule ya ce ya yarda, a kai shi gida, in ma da mota kafin Salla ya fi so. Ya fara kiran maƙwabta ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara. Ya kira Binta a waya ya ce ta kula da yaransa. Ni kuwa na ɗauka kunya na ba shi, na ce ga shi nan, na karya abin da iyaye suka kafa, ga abin da ya haifar. Na koma ɗakina na kasa cin abinci. Sai ga Hadiza ta shigo da rana tsaka, ta durƙusa, idonta ya kumbura.

“Inna, don girman Allah ki gaya mini gaskiya. Me likita ya ce miki?”

“Game da me?”

“Ya ce tunda kika kira sunansa, an gaya miki ba zai tashi ba. Ya ce ban kwana kika yi masa.”

Innalillahi. Sai a lokacin na tuna. Kakarsa da ta rene shi tana da babban ɗa, Ilu, wan su Baffa Sule, ba ta taɓa faɗin sunansa ba sai ranar da yake gargarar mutuwa, ta riƙe kansa tana cewa Ilu, Ilu. Isiyaku yana ɗan yaro yana ɗakin, ya gani da idonsa. A iya saninsa, uwa irin tamu sau ɗaya take kiran ɗan fari da sunansa. Ni na shiga in tashe shi, ashe likkafani na miƙa masa.

Na je na rantse masa da Allah babu abin da likita ya faɗa mini. Ya ce, “Na gode, Yaya, Allah ya saka da alheri,” irin godiyar da ake yi wa mai rarrashi. Muka kai shi wurin Sista, ta yi masa bayani har da nuna masa hoton ƙashinsa, ya ce ai likitoci ba sa faɗa wa mai ciwo, dangi suke faɗa wa. Duk wata magana mai daɗi da aka yi masa sai ta ƙara tabbatar masa. In Hadiza ta yi masa miya mai kyau, ya ce ta ban kwana ce. Salla tana matsowa, raguna sun fara cika bakin titi, shi kuma naman da ya fara farkawa yana komawa barci a gaban idona, kuma da bakina na jawo.

Abin da ya warware shi ba dabara ba ce, ba zan yi muku ƙarya in ce na zauna na tsara ba. Haushi ne. Na shiga kai musu masa na tarar Hadiza ta tallafo kansa tana ba shi ruwa a baki, kofin kuwa yana kusa da hannunsa, hannun da babu abin da ya same shi.

“Ke, ajiye kofin nan. Hannunsa ne ya karye?”

Ta ajiye. Na juya kansa.

“Kai kuma Isiyaku, ƙato da kai, ka kwanta ana ɗura maka ruwa kamar ɗan akuya. Rannan da na ce kana ƙoƙari, ƙarya na yi maka. Ba ka yi komai ba. Kwankwasonka na hagu a ƙasa yake, ka karkace kamar rumfar da iska ta buga. Wata nawa matarka tana yi maka ƙarya kana jin daɗi. Rago kawai. Tanƙwara gwiwar nan in gani.”

Ya daɗe yana kallona.

“Yaya, faɗa kike yi mini?”

“Faɗa nake yi. Ko ba ka ji ba in ƙara?”

“Da a ce mutuwa zan yi,” ya faɗa a hankali, kamar mai lissafi da kansa, “ba za ki ce mini rago ba.”

“Da mutuwa za ka yi da na bar ka ka huta. Tanƙwara.”

Ya tanƙwara.

Tun daga nan na zama mai gadinsa. Sista ta shigar da ni ɗakin gashin, ta nuna mini inda zan sa ido: kwankwaso biyu su daidaita, baya kada ya lotsa, numfashi kada ya tsaya. Ta ce rawar jiki da gumi ba laifi ba ne, amma in zafi ya harba zuwa ƙafa a tsaya nan take. A gida sai in ɗauko kujerata ta tsuguno in zauna daidai ƙugunsa. Ni ban san agogo ba, Hadiza ce ke riƙe waya tana duba lokaci, na kuma hana ta ƙara masa ko ƙiftawar ido. Ni kuwa ina faɗin abin da na gani. Ya sauka, ɗaga. Hagu. Ka riƙe numfashi, saki. In ya fara rawa sai in matso in ce saura kaɗan ka wuce na jiya, Isiyaku, kada ka ba ni kunya, riƙe. In bai kai ba in ce bai kai ba. Wata rana ya yi fushi ya ce mu fita mu bar shi. Amma ranar da na ce yau ka fi jiya, sai in ga fuskarsa ta canza, don ya san ba kyauta na ba shi ba. Daga gada aka koma ta gefe, daga nan aka koma rarrafe yana miƙa hannu ɗaya, daga nan zama a bakin gado ba jingina.

Kada ku ɗauka tsoro ya sake ni. Kullum ina cewa riƙe, zuciyata tana cewa in kika ƙarasa karya shi fa? Akwai ranar da na matsa masa ya wuce kima, ya kwana biyu baya ya ƙage, ni da ban taɓa hawa okada, babur ɗin haya, ni kaɗai ba na hau har asibiti ina kuka. Sista ta yi mini faɗa, ta ce ba tsere ake yi ba, ta rage masa, muka sake hawa a hankali. Ga kuma bakin mutane. Gidan haya ba ya ɓoye murya. Matan Hausawan gidan suka fara yi mini kallon gefe, na ji wata tana cewa Maman Binta ta zama 'yar Fatakwal, da tsufanta. Maƙwabciyarmu Mama Boma kuwa, mai sayar da busasshen kifi, dariya take yi in na fito, tana cewa, “Mama, you don turn coach o!” wai na zama mai horar da 'yan wasa. Ita ba ta ga abin kunya ba, su kuwa ba su ga komai ba sai shi.

Saura magana ɗaya. Isiyaku da bakinsa ya ce wa Baffa ya yarda, yaro kuwa ba ya janye magana a gaban uba. Na ce Hadiza ta aika a gaya wa Baffa jiki ya yi sauƙi, ya aiko cewa haka ake faɗa kullum. Bayan Salla, wata Asabar da hantsi, sai ga shi da 'yan dako majiya ƙarfi, sun bar mota a bakin titi don layinmu ba ya shiguwa, sun zo da ƙyauren katako da za su ɗauke shi a kai. Da na hango ƙyauren nan na koma bayan labule.

Isiyaku ya ce a janye matasan kai. Ya dafa, ya zauna a bakin gado, ƙafa a ƙasa, babu abin da ke bayansa. Baffa ya shigo ya tarar da shi haka, ya ɗan tsaya, sannan ya zauna a kujera. Kun san gaisuwar Baffa Sule, ba ya tsallake kowa.

“Ina kwana. Ina gajiya. Yaya jiki?”

“Da sauƙi, Baffa.”

“Yaya iyali? Yaya yara? Yaya ruwa? An yi Salla lafiya?”

“Lafiya lau, Baffa.”

Ya tambayi Binta da mijinta, ya kawo gaisuwar mutanen kasuwa ɗaya bayan ɗaya, ya shiga labarin wanda ya rasu a gida da wanda aka haifa. Isiyaku bai taɓa zama ya daɗe haka ba tun da ya faɗi. Ina bayan labule ina leƙe. Gumi ya jiƙa rigarsa. Cikinsa ya fara rawa. Sannan na ga kafaɗarsa ta hagu ta fara tafiya, a hankali, shi bai sani ba. Na san in ya kife a gaban Baffa, magana ta ƙare, ƙyaure zai shigo. Hadiza ta dube ni, na dube ta. Ita ba za ta iya ba. Na ɗaga labulen, a tsaye, ban durƙusa ba.

“Isiyaku! Hagu. Ja cibiya. Numfasa.”

Ya miƙe bayansa tsaf.

Baffa ya juyo. Tunda aka kawo ni gidansu ina yarinya bai taɓa jin muryata ta wuce gaisuwa ba. 'Yan dakon da ke ƙofa suka sunkuyar da kai.

“Maman Binta,” ya ce, “ke ce?”

“Ni ce, Alhaji.”

“A gabana?”

“A gabanka, Alhaji. Ka yi haƙuri. Ba zai hau motar nan ba.” Idona yana kan kafaɗar. “Riƙe, Isiyaku, ka wuce na jiya tun ɗazu.”

Baffa ya dubi ɗan ƙaninsa, ya daɗe yana dubansa, yadda yake duban buhu in yana son sanin abin da ke ciki. Sannan ya tashi ya karkaɗe riga.

“Yaro dai ya zauna,” ya ce. “Amma gidanmu ba a taɓa yin haka ba.”

Ya fita, ya ce wa yaransa su mayar da ƙyaure. Sai da ƙarar takalmansu ta ɓace na ce wa Isiyaku ya kwanta. Ya kwanta yana haki, yana dariya, yana riƙe ciki don dariyar ma ciwo take yi masa. Ni kuwa na fita bakin famfo na zauna a ƙasa cikin ruwa.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Bai koma dako ba, Sista ta hana. Baffa da kansa ya ba shi wurin zama a rumfa yana auna albasa, a kan benci marar jingina, har yau. Amma ni Baffa bai sake cin abincin hannuna ba. In na gaishe shi ya amsa a taƙaice, in na aika masa da masa a dawo da ita a rufe. Labari ya kai gida, 'yan'uwana mata suka aiko mini da magana mai zafi. Ban ce ba su da hujja ba, abin da aka koya mana suka riƙe. Ni dai an ba ni zaɓi tsakanin kunyata da bayan ɗana, na zaɓa, kuma in aka sake ba ni haka zan sake.

Da Baffa ya rasu, Allah ya jiƙansa, a nan Fatakwal aka yi masa sutura. Muna cikin gida mu mata aka fito da shi. Na leƙa ta tagar ɗaki, sai na ga Isiyaku ya kutsa cikin maza ya sa kafaɗa a ƙarƙashin makara, ya ɗauki baffansa tun daga ƙofa har kwanar layi kafin wani ya karɓe shi. Ina ganinsa ya ɗan karkata hagu. Ranar na kama bakina, gawa ce ke wucewa.

Da ya dawo daga maƙabarta na gaya masa.